Tafin Hannun Nomau

Bayan la'asar na fito da shi daga Bagalam,
hannunsa bisa kafaɗata, sandarsa a gaba.
Damina uku ke nan yana ta rufe masa ido,
amma ya ce, "Habsu, ba ke za ki kai ni ba.
Ke dai tsare ni daga kabu-kabu."

A lungun farko ya tsaya, ya shafa katanga
yadda ake shafa wuyan doki kafin ciniki.
"Ƙasar gulbi ce wannan, da ramno aka cuɗa ta.
Tubali ne a ciki, ba bulo ba,
gindi da faɗi, kai da tsini."
Ni abin da na gani, lambar mai gyaran firji da gawayi,
da hoton wani ɗan takara, rana ta cinye masa fuska.

Zauren Alhaji Barmo mai gyaɗa.
Yara sun jera wayoyi suna sayar da caji,
suka janye ƙafa, muka shiga.
Sanyi ya tarbe mu kamar an buɗe randa.
"Ɗaga kai ki ƙirga bakunan."
Takwas, na ce.
"Tara ne. Ɗaya ya ɓoye bayan ƙofa,
shi ya hana ni barci wata guda."
Can tsakiyar daurin guga tasa tana nan, ta yi kore,
azarar giginya kuwa gara ta lasa ta bari.

A dakali ya huta, ya ba ni labarin da na sani:
shekarar da ruwa ya ci tsohon gari aka hau tudu,
shi yana goye, ubansa da azara uku a ka.
Nasara ya ja layuka da igiya, sak,
su kuma suka karkata bakin kowane zaure
don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida.

Gaba kaɗan ya ƙwanƙwasa wani bango, ya yi tsaki.
"Sun yaɓa masa siminti.
Wa ke sa wa tsoho rigar leda?
Makuba yake so, ya sha iska, ya yi gumi ya bushe."

Sai Mokoyo.
Nan ne gidan mai zankaye huɗu,
aikinsa na farko da ba a tsaya masa a kai ba.
Tun daga gida yake ƙirga taku.
Na ɗaga ido: bene hawa biyu, gilashi shuɗi,
shagon taya a ƙasa.
Bakina ya yi nauyi.
Ya miƙa hannu, ya janye da sauri.
"Wannan bango zafi gare shi."
Bai tambaye ni ba. Ban faɗa ba.

Muna juyawa sandarsa ta bugi itace,
wani guntu da aka kifa bisa kwata, ake takawa.
Ya durƙusa, ya bi shi da yatsa har ƙarshe,
ya sami tsaga uku a gefe.
"Indararona ne. Ni na fafe shi."
Ya yi dariya har da tari.
"Ashe har yau ruwa yake wa aiki."

Ladanin Limanci ya ɗaga murya.
Ya taka shi, ya ƙetare,
ya ce in duba ko mai ƙosan bakin kwana ta fito.