Na Tsakiya

Wata bakwai ina sauke buhunan dankali a Farin Gada,
kafaɗata ta san nauyin Bokkos, ƙafata ba ta san garin ba.
Abin da na tara yana kwance cikin waya,
nakan leƙa shi da dare
kamar mai duba jinjiri ko yana numfashi.

A ɗaki komai ya hallara:
akwatin ƙarfe mai gefen gilashi,
uwar allo a kwalinta, wayoyi ɗaure da kyauro.
Gurbi ɗaya ya rage,
wangame kamar bakin yaro mai famfara.
Katin hoto. Idon kwamfutar ke nan.

Ran Talata na gangara Taminus
da tsinken tsintsiya a aljihu,
na karya shi daidai tsawon gurbin,
don kada in sayo abin da ƙofa za ta ƙi.

Dalyop ya jera mini uku a kan kanta.
Ƙaramin fankarsa ɗaya, kuɗinsa ba ya sa zufa.
Ya ce, "In wasa ya ɗau zafi sai ya fara ɗingishi,
ka yi harbi yau, harsashi ya isa jibi."
Babban fankarsa uku, ya ɗara tsinkena da yatsu huɗu.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa,
na ce ba fili na zo saye ba.
Ya ce, "Ko kyauta na ba ka, da wace wuta za ka ciyar da shi?
Mai son raƙumi ya fara tambayar soronsa."

Sai ya waiga, ya sunkuya ƙasan kanta,
ya zaro wani, babu kwali, babu takarda,
ƙato, a rabin kuɗi.
Zuciyata ta yi tsalle ta riga ni.
Na ce daga ina?
Ya sosa ƙeya. "Ya ɗan yi haƙa.
Shekara uku, dare da rana,
yana tonon kuɗin intanet a wata ƙasa."

Na juya shi a hannu. Fes yake, an goge.
Haka kakana Malam Nabara yake ran Juma'a,
fes, cikin farar riga,
mutumin da ya ba ramukan kuza na Bukuru ƙuruciyarsa.
Sai dare ya raba kake jin ƙirjinsa yana fito.
Na san abin da rami ke bari a jikin mai haƙa.
Na ajiye shi a hankali, da hannu biyu.

Saura na tsakiya.
Fanka biyu, giga takwas, ba ya fitar da hasken ado,
ba wanda zai ɗauki hotonsa ya nuna wa duniya.
Allona ma ba na sarauta ba ne, sun dace.
Na kara tsinke, ya shige har da rarar yatsa.
Garanti shekara guda, rasit da hatimi.
Muka ja, muka ja,
ya rage mini abin da bai kai kuɗin keke ba.

Na tako da ƙafa har Rikkos,
ruwan Agusta yana dukana,
kwalin cikin leda, ledar cikin riga, rigar cikin addu'a.

Na zura shi a gurbi, ya ce ƙyas.
Na yi bismilla, na kai yatsa kan maɓalli,
aka ɗauke wuta.
Ƙanwata Lawiza ta yi dariya har da riƙe bango.

Ƙarfe biyu da kwata ƙwan ɗaki ya farka.
Fankokin nan biyu suka juya, shiru, ba fito, ba tari.
Allo ya buɗe ido.
Na tashi na wangale taga,
sanyin Jos da nake zagi tun ina firamare
na ce masa shigo, bismilla,
yau kai ma kana da aiki.