Ƙarfin Gwiwa

A Shika suka buɗe ta ranar wata Talata,
suka ɗinke jijiya, suka rufe da baƙin zare.
Likita ya ce, "Gola, manta da raga,
koyi tafiya tukuna."
Na ce to. Me zan ce?
Ranar na san ma'anar sanyin gwiwa.

Wata huɗu ina ƙirga azarar ɗaki.
Safar hannuna na rataye a ƙusa
kamar jemagu biyu masu barci.
Abokan wasa sun zo da lemo da ayaba,
sun sake zuwa hannu rabbana,
daga nan sai gaisuwar waya, ita ma ta yi ta raguwa.

Fitar farko, daga zaure zuwa teburin mai shayi:
taki tamanin da uku, na ƙirga.
Ta biyu, bakin Kubanni bayan la'asar,
inda masu lambu ke ban-ruwan latas.
Can na ga balbela tsaye da ƙafa ɗaya,
ko a jikinta,
ba ta neman sannu a wurin kowa.

Wata Asabar na hau acaɓa zuwa gindin Kufena
da sanda, da gorar ruwa, da ƙuli-ƙuli a aljihu.
Ban kai ƙoli ba.
A rabin hanya ƙafa ta ce iyakarta ke nan,
na zauna kan wani falalen dutse mai ɗumi
ina kallon masara, da rufin kwano,
da dogon benen jami'a can Samaru.
Ashe rabin dutse ma yana nuna gari.
Ban yi gardama ba, na fara saukowa.

A ƙasa wasu yara na buga ƙwallo,
silifa biyu ne ragarsu.
Mai tsaron gidan, ɗan siriri,
duk sanda aka bugo sai ya runtse ido.
Ban san sanda na daka tsawa ba:
"Kai! Buɗe idonka!"
Ya buɗe. Ƙwallo ta same shi a hanci.
Ya yi kuka, amma ba ta shiga ba,
ya dube ni ta cikin hawaye yana murmusawa.

Sunansa Munzali.
Yanzu Alhamis da Asabar muna filin firamare a Tudun Jukun,
ni da usur, da ƙwallo uku, ɗaya na sace iska.
Kafin a fara sai mun tsince kwalba da ƙaya.
Ba albashi. Uwar Talle takan aiko da zoɓo.
Bitrus yana da hagu mai kyau da zuciyar kusa,
Dije ta ce ko a sa ta ko ta zauna tsakiyar fili,
aka sa ta.
Ni kuma abin da na fi sani shi nake fara koyarwa:
faɗuwa.
Kafaɗa tukuna, ka naɗe, ka mirgina,
kada ka ba ƙasa gwiwa.

Safar nan na sauko da ita daga ƙusa.
Ta yi wa Munzali yawa,
ya cusa tsumma a bakin yatsun.

Makon jiya na kai su Kufena, su goma sha ɗaya.
Suka haye kamar awaki,
ni na tsaya kan falalena ina gadin takalma.
Hadari na haɗowa ta gabas,
tun safe tabon ya gaya min.
Daga ƙoli wata ƙaramar murya ta gangaro:
"Malam, ana ganin filinmu!"
Na ce, "Ku sauko a hankali, dutse na da santsi!"
Na miƙe da sandata
ina ƙirga kawuna, ɗaya, biyu, uku,
kafin ruwa ya fara zubowa.