Ubangidan Kaina

Shekara tara ina Sharaɗa,
ƙararrawa ke kira na, ita ke sallama ta.
Ƙarshen wata albashi ya faɗo,
ban taɓa tambayar wa ke biyan kuɗin wuta ba.
Ran da aka garƙame masana'anta
na sayi injin walda ɗan gwanjo,
na kama rabin shago a Ƙofar Ruwa,
na ce: Tasi'u, yau kai ne ubangida.

Ashe ubangida ma yaro ne,
yaron hatimi, yaron alƙalami.
Sunan da na zana a allo da jan fenti,
aka ce wani a Fagge ya riga ni rajista.
Na goge. Na bi layi. Na biya.
Sai da hatimi ya hau sunan shagona
sannan sunan ya zama nawa.

Mai karɓar haraji ya zo ran Talata:
kuɗin allo, kuɗin shago, kuɗin shara.
Na ce zan biya, ai titin da nake takawa
ba da yawu aka shimfiɗa shi ba,
amma ba ni rasit.
Ya ce mu sasanta, rabi ya isa.
Na ce rabin da ba shi da shaida,
gobe cikakke zai dawo nema na.
Ya rubuta yana tsaki.
Na ninke, na tura a gwangwanin madara
ƙarƙashin benci.

Alhaji Gwadabe ya ba ni aikin ƙofa,
mai ganye biyu, can Gadon Ƙaya.
Na ce mu rubuta kaurin ƙarfe,
da farashi, da ranar gamawa.
Ya yi dariya: tsakaninmu har sai da takarda?
Na ce Alhaji, baki na mantuwa,
tawada ba ta yi.
Sallau mai shayi ya sa hannu,
Hambali mai fenti ya dangwala yatsa.

Ƙofa ta tsaya, cikon kuɗi bai zo ba.
Wata uku: ya yi tafiya, yana barci,
yanzun nan ya fita.
Na kai ƙara gabana na faɗuwa,
ni da ko ƙofar kotu ban taɓa leƙawa ba.
Alƙali bai dubi rigata
da tartsatsi ya huhhuda ba,
bai dubi shaddar Alhaji ba.
Takardar ya duba.

Na dawo ina taku ɗai-ɗai,
har na sai wa yara tsire.

Bayan sati shida sai ga Hajiya Tabawa,
takarda a hannu, irin tawa, da rubutuna.
Ƙafar tankin ruwanta ta karye,
tanki ya faɗo ya tsage.
Nafi'u ne ya liƙa gindin,
ni kuwa ina sauri, ban duba ba.
Na buɗe baki zan ce aikin yaro ne,
sai na tuna sunan wa ke kan allo.
Sabon tanki, sabon ƙarfe, daga aljihuna.
Ashe takarda ba ta da ɗan uwa,
wuƙar da ta yanka maka, ita ke yanka ka.

Nafi'u bai kwana da duka ba.
Ubansa ya damƙa min shi da idanu biyu,
da biyu zan mayar da shi.
Na sai masa tabarau na walda
tun kafin in sake takalmina.

Da zazzaɓi ya kayar da ni kwana biyar
ba wanda ya rubuta min hutu,
ba wanda ya biya ni kwanciya.
Shi ya sa duk Juma'a nake zuba adashi,
shi ne fanshona, shi ne asibitina.

Magariba ta yi, na kashe inji.
Na ƙirga ciniki, na ware na hukuma,
na ware na ƙarfe, na ware na yaro.
Abin da ya rage a tafin hannuna
ba shi da yawa,
amma ba mai buga min ƙararrawa a kansa.
Na ja ƙofa, na sa kwaɗo,
makulli na aljihuna,
yana da nauyi.