Wando Huɗu a Shekara Guda

Babana ya shekara goma sha ɗaya da wando guda,
kakin da ya saya ranar da aka auna masa auduga.
Ya sha rana, ya sha gumi, ya sha dutsen wanki a bakin Binuwai,
launi ya gaji ya tafi, zare bai ce uffan ba.
Da ya rasu, Inna ta raba ƙafafun:
ɗaya jakar gishiri, ɗaya tsumman sauke tukunya.

Ni kuwa bana na binne huɗu.

Na farko a Yelwa na saya, jaka uku da rabi,
yana sheƙi cikin leda kamar kifin da aka tsamo yanzu.
Wanki biyu ya koɗe, wanki uku ya tsuke,
idon sawuna ya leƙo yana gaida mutane.
Na biyu, zik ɗinsa ya zubar da haƙora tun yana jariri.
Na uku aljihu ne ya ci amanata,
dala ɗari da makullin ɗaki, tsakanin gada da Pitowa.

Na huɗu. Kai, na huɗu!
Lahadi, kasuwa ta cika ta batse,
na sunkuya zan ɗora buhun albasa a bayan babur,
sai ɓarrr, kamar an keta takardar bashi.
Masu kifi suka yi tsit.
Mai kunu ta kau da kai, kafaɗunta suna rawa.
Na tuɓe riga na ɗaura a ƙugu,
iska na raka ni ta inda ban gayyace ta ba
har ƙofar gida.

Ladidi ba ta yi dariya ba, lissafi ta yi.
Ta ce, "Jaka goma sha uku, Malam.
Da yanzu akuya ce, da ta haihu."

Na kwashi gawarwakin na kai wa Tela Bakari,
tsoho mai tabarau ɗaure da zare.
Ya ɗaga ɗaya sama, rana ta zubo masa a fuska.
Ya ce, "Yadin da ka hango rana ta cikinsa,
gobe ta cikinsa jama'a za su hango ka.
Juya shi. Dubi ɗinkin, tsallen kwaɗo ne,
nan allura ta taɓa, can ta yi gaba.
Kada ka zagi wanda ya ɗinka.
Da ƙirga ake biyansa a wata duniya mai nisa,
bai san sunanka ba,
ba za ku haɗu a masallaci ya ji kunya ba."

Alhamis da sassafe na je inda ake kwance dilar gwanjo.
Ban dubi suna ba, ban dubi ado ba,
na murza, na ja, na auna a tafin hannu
yadda ake auna gero.
Can ƙasa na zaƙulo wani mai nauyi, ruwan toka,
da ɗigon fenti a cinya.
Ko wane ne mai shi, ya san aiki.
Jaka ɗaya da rabi, bayan na yi kamar zan tafi.
Bakari ya rage tsawo, ya bi hantsa layi biyu,
ya canja aljihu da ragowar atamfar wata amarya.
Dala sittin, da goro ɗaya.

Wata bakwai ke nan.
Na sunkuya a Pitowa, na durƙusa a Ngong,
na tura babur cikin taɓon damina,
ban sake jin komai daga baya ba.

Jiya ɗana Ɗanlami ya ja ni gaban wani kanti,
ya nuna wando jikin gunki, gwiwa biyu a yage.
"Baba, shi ake yayi. Jaka shida."
Na daɗe ina duban ramukan.
Na ce, "Mu je gida.
Ina da huɗu a ƙarƙashin gado,
ka zaɓa."