Ɗaki Na Bakwai

Shekara talatin cokalin gini na hannuna.
Rabin Gyallesu ta san tafin Barau,
na tada bene a Tudun Wada,
na ja katanga a Tukur-Tukur har ta gaji da tsawo,
amma in dare ya yi, ɗakin wani nake kwana,
ruwan Agusta na ɗiga cikin kwano uku,
Dije na jan tabarmar yara zuwa lungun da bai jiƙe ba.

Wata Talata kansila ya zo da takarda.
Ya ce ƙaramar hukuma ta yi magana:
duk mai filin da zai gina wa talaka ɗakin haya,
an yafe masa kuɗin izinin gini,
harajin fili ya kwanta barci shekara biyar,
za a turo gireda ta share hanya,
a sa kwalbati, a haƙa burtsatse.
Sharaɗi guda ne, da jan biro a gindin shafi:
kuɗin haya yana da iyaka.

Teburin mai shayi ya kwashe da dariya.
Lawandi ya ce, alkawarin ofis
rubutu ne a bayan ruwan Kubanni.
Ni dai na kurɓi shayina.
Gani ya kori ji.

Alhaji Mamuda ya riga kowa sa hannu,
ɗaki goma sha biyu a bayan Kongo,
ni na aza harsashin, ba zan ɓoye ba.
Da fenti ya bushe sai ya buga rasit iri biyu,
ɗaya na sakatariya, ɗaya na aljihu,
ɗalibai suka biya ninki uku suna godiya.
Na wuce ta ƙofar, na kau da kai
kamar wanda ya ga ɗansa cikin ɓarayi.

Sai Inna Tabawa, mai daddawa a Ƙofar Doka,
da filin gado can wajen Dambo
inda ƙaiƙayi da awaki ke mulki.
Ta kwashi adashi, ta sayar da saniya biyu,
ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa,
ta ce, Barau, ɗaki shida, kada ka ci mini siminti.

Gireda ta makara wata uku,
amma ta zo, yara na bin ta da ihu.
Kwalbati ya zo.
Burtsatse har yau yana cikin fayil yana shan inuwa.
Wata yarinya daga ofis, da hular kwano da igiyar awo,
ta ƙwanƙwasa bulona ɗaya bayan ɗaya,
ta ce, Baba, wannan taga ta yi ƙanƙanta,
talaka ma yana shaƙar iska.
Na ji haushi. Na fasa. Na faɗaɗa.

Da aka gama, bulo ya yi saura.
Inna ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, ƙara ɗaya a ƙurya, kusa da dalbejiya.
Na gina shi yadda nake gina na kowa,
ban san wa zai rataya riga a ƙusarsa ba.
Ranar Juma'a ta kwance bakin zane,
ta miƙo makulli.
Haya ce, ta ce, ba sadaka ba,
kuɗin jan biro, kuma ran ɗaya ga wata.

Yanzu in hadari ya taso daga Kufena
ina kwance ina sauraron rufin da na buga.
Ba nawa ba ne, na sani.
Shekara biyar tana da ƙafa,
kuma ban san me biro zai rubuta bayanta ba.
Shi ya sa duk Asabar nake ajiye bulo biyu a bayan ɗaki,
jiya ƙaramin ɗana ya ƙirga tamanin da huɗu.

Kwanukan nan uku kuwa,
Dije ta mayar da su wurin miya.