Lissafin Farar Raɓa

A bayan gidanmu, can gefen Suwałki,
akwai ɗakin ajiyar shebur da fartanya.
A jikin ƙyaurensa babana Wincenty
ya shekara talatin da ɗaya yana rubutu da fensir:
ranar ƙarshe da raɓa ta daskare a bazara,
ranar farko da ta dawo da kaka.
Tsakaninsu, in ji shi, nan arzikinmu yake,
kwana ɗari da talatin in shekara ta yi kara,
in ta yi rowa, ɗari da sha tara.

Ya rasu a Janairu. Ƙasa ta ƙi shebur,
sai da aka sa diga ta yarda ta karɓe shi.
Na gaji lambun, na gaji ƙyauren,
haƙurin ne bai shigo cikin rabona ba.

Tun Maris na shuka tumatir a kofunan roba,
na jera su a taga suna miƙa wuya.
Afrilu ta zo da rana mai romon baka,
wayata ta ce sanyi ya yi sallama.
Shida ga Mayu na kwashe su duka,
ashirin da huɗu, na dasa.

Leokadia ta leƙo ta kan shinge,
tsohuwar da ta girmi itacen tuffarta.
“Ɗan Wincenty, ka karanta ƙyauren kuwa?
Albasa da karas ba sa jin duka,
kabeji ma ya saba da wuya.
Amma tumatir baƙo ne, ɗan lele,
ba ya kwana waje sai tsakiyar wata ta wuce.”
Na ce, “Ai duniya ta ɗumama.”
Ta ce, “Ta ɗumama. Dare ɗaya dai ya isa.”

Sha uku ga wata iska ta kwanta,
sama ta washe, ko ƙyallen girgije babu,
taurari suka fito kamar an wanke su,
ana jin haushin kare daga hayin tafki.
Ma'aunin da ke taga ya ce uku,
na sha shayi, ya ce biyu,
na tsaya ina kallonsa kamar zai ji kunya.

Sha ɗayan dare aka buga ƙofa.
Ita ce, da tocila a baki,
da labule, da zanen gado, da tsofaffin jaridu,
jikanta Tymek na biye da kwalaben ruwan ɗumi.
Ba ta ce “na faɗa maka” ba.
Ta ce, “Kama can gefen, kar ya taɓa ganye.”
Muka kife bokitai, muka danne da duwatsu,
yatsuna suka daina sanin nawa ne.
Da mayafi ya ƙare na koma ɗaki,
na sauke kwat ɗin baba daga ƙusa,
har yanzu da ƙanshin tabarsa,
na lulluɓe masa jikokin da bai shuka ba.

Da asuba ciyawa ta yi furfura.
Na ɗaga labule: kore.
Na ɗaga kwat: kore, har da ɗigon ruwa.
Bakwai na bakin shinge, da babu abin rufa su,
sun yi baƙi sun langwaɓe
kamar ganyen da aka tsamo daga miya.

Fensirin na nan rataye da zare.
Ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta:
sha huɗu ga Mayu.
Rubutuna ya karkata, nasa a tsaye yake.
Sannan na ƙirga gaba da yatsa, zuwa Satumba:
wake kwana sittin, zai kai;
kabewa ɗari da goma, da ƙyar;
tafarnuwa sai Oktoba, ita ba ta tsoron kabari.
Kankanar da na sayo irinta da ɗoki
na mayar aljihu.
Leokadia na can tana shanya labulenta.