Allon Bakin Ƙofa

A ƙofar masana'antar kifi ta Tromso
akwai allo mai cewa: kwana ɗari uku da sha ɗaya ba hatsari.
Ni ke sauya lambar kowace safiya,
har a watannin da rana ba ta ko leƙowa.

Takardata tana da gurbin hular kwano,
gurbin safar hannu, gurbin wuƙar da ta dakushe.
Ba ta da gurbin Eivind,
wanda ya daina cin abinci cikin mutane
tun ranar da aka ƙara wa inji gudu.

Jiya na same shi a ɗakin ƙanƙara,
tsaye tsakanin akwatuna, ba abin da yake nema.
Ya ce, "Torunn, nan kaɗai ne ba a ƙirga ni."
Ba jini, ba karaya.
To, me zan rubuta?

Wani ciwon ba ya kumburi,
a tsaye yake cin mutum,
kamar tsatsa ƙarƙashin fenti.

Na hau bene wurin manaja.
Na ce a rage gudun injin nan,
aikin dare ya riƙa zagayawa,
a ba mutum minti goma ba sai ya roƙa ba.
Ya dubi agogo. Ya ce zai duba.

Yau da asuba na goge lambar,
na rubuta sifili.
Eivind ya zo wucewa, ya tsaya, ya karanta,
ya ɗan ɗaga mini kofin gahawarsa,
sannan ya shiga.